Kwanakin Wata da Jinin Dasashi: Tarihin Ilimin da Ya Rabu Gida Biyu

Unguwar Kanawa tana arewa da kogin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kusa da Unguwar Shanu da Abakpa, tana jingine da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA wadda aka buɗe a 1964. Sunanta ya nuna waɗanda aka fara saninta da su, wato mutanen Kano, irin baƙin da garin ya riƙa jawowa tun bayan da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna a 1917.

A unguwa irin wannan, da wuya a sami matar da ta zauna a ajin Islamiyya amma ba ta iya lissafa kwanakin al'adarta ba. Ta san ranar da jini ya zo, da ranar da ya ɗauke, da adadin azumin da ake bin ta. Haka kuma mata da yawa sun taɓa kuskure baki da asuba suka ga ruwan ya fito da ja. Waɗanda ba su da yawa su ne waɗanda aka taɓa gaya musu cewa abubuwan nan biyu suna iya zama da alaƙa, alhali likitocin haƙori sun rubuta wannan alaƙa fiye da shekara 70 da suka wuce. Dalilin wannan jinkiri yana cikin tarihi. Sanin jinin al'ada ya tashi a wani gida, sanin lafiyar baki ya tashi a wani, kuma a ƙasar Hausa da ma a asibitin Turai gidajen biyu ba su cika ziyartar juna ba.

Gidan farko: lissafin haila

Matan Hausa ba su jira likita ba kafin su fara ƙidayar kwanakin jikinsu. Addini ne ya ɗora musu wannan aiki, domin salla da azumi da ɗawafi da iddar aure duk sun rataya a kan sanin haila da tsarki. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure da makarantun Islamiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani wanda ya rasu a 996, da Ahalari na malamin Aljeriya Abdurrahman al-Akhdari na ƙarni na 16, sun tsara wannan babi dalla-dalla. Mafi tsawon haila ga wadda ta fara gani kwana 15 ne. Wadda ta saba kuwa, idan jini ya zarce al'adarta, tana ƙara kwana uku matuƙar jimillar ba ta haura 15 ba. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu, a zance mafi shahara a mazhabar, kwana 15 ne. Alamar tsarki ita ce bushewa ko farar kumfa.

Masu jihadi sun matsa a kan isar da wannan ilimi ga mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin rashin sanin hukuncin tsarki da salla. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. A ƙarni na 20 aikin ya sami sabuwar siga. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, makarantun matan aure suka yawaita a unguwanni daga ƙarshen shekarun 1970, sannan aka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna a 1985. Sakamakon wannan dogon aiki shi ne al'ummar da matanta ke riƙe da kalandar jikinsu a ka.

Sai dai tambayar da wannan lissafi ke amsawa ta ibada ce: yaushe za a ajiye salla, yaushe za a yi wanka a ci gaba. Kwanakin jini su ne abin lura. Kwanakin tsarki kuwa ana ɗaukar su dunƙule ɗaya, tun da hukuncinsu ɗaya ne. Ga kuma kunya, wadda ta sa ko sunan abin ba a cika kamawa ba. Sai a ce mace tana fashin salla, ko baƙonta ya zo, maganar ta tsaya nan.

Waɗannan littattafai ba su manta da baki ba. Sun sanya asuwaki cikin abubuwan da ake so a alwala, kuma kuskurar baki sunna ce. Amma a mazhabar Malikiyya jinin da ya fito daga dasashi ba ya karya alwala, don haka bai zama matsalar da za ta kai mace gaban malama da tambaya ba. Babin haila yana shafinsa, babin asuwaki yana nasa.

Gida na biyu: baki da haƙora

Bahaushe ya daɗe yana daraja haƙori. Wushirya ado ce, giɓi abin tsokana ne, haƙorin Makka kuwa shaidar an sauke farali. Ana goge baki da asuwakin marke ko na darbejiya, da gawayi, da gishiri, kafin zuwan buroshi da makilin. Matan da kuma sukan ci goro su goga furen taba domin haƙora su yi ja, kwalliyar da ke iya ɓoye jan dasashi mai kumburi a cikin jan ado. Idan haƙori ya yi ciwo, sai a ce tsutsa ce ta shiga, a nemi mai magani ko wanzami. Jinin dasashi da ba ya tare da zafi ba a cika lissafa shi cikin cututtuka ba. Akan ce asuwaki ne ya yi tauri ko buroshi ya soki wurin.

Duk da haka matan Hausa sun lura cewa haihuwa tana taɓa haƙori. Elizabeth Oziegbe ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Lynne Schepartz ta Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu sun yi bincike a Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano, ƙasar da Unguwar Kanawa ta samo sunanta. A rahoton da suka fitar a 2019, bayan tattaunawa da mata 33, matan sun danganta zubewar haƙori da aman da mace ke yi a lokacin naƙuda, abin da suke kira fayar baka, sannan suka ambaci rashin tsabtar baki da shan zaƙi da tsutsa da ciwon daji da tsufa. A wani rahoton na 2021, wanda ya shafi mata sama da 600, masu binciken sun sami cewa zubewar haƙori ba ta da yawa a cikin matan gaba ɗaya, amma ta fi yawa ga masu haihuwa da yawa.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan tunani ba. Jamusawa da wasu al'ummun Turai suna da tsohuwar magana cewa kowane ɗa yana cin wa uwarsa haƙori guda, kuma wani bincike da aka yi a kan tagwaye a Denmak a 1998 ya sami alaƙa tsakanin yawan haihuwa da rashin haƙora ga mata. Bayanin da aka saba bayarwa, cewa jariri yana zuƙe sinadarin ƙashi daga haƙoran uwa, ba daidai ba ne. Hanyar ɓarnar takan bi ta ruɓewar haƙori da ciwon dasashi.

Abin lura a nan shi ne inda hankalin mata ya tsaya. Haihuwa lamari ne na fili, ana barka, ana suna, ana wankan jego a gaban ungozoma da tsofaffi, don haka abin da ya biyo bayanta ya sami suna a bakin mata. Al'ada kuwa lamari ne na ɓoye, kowa da nata, babu taron da za a kwatanta abin da aka gani.

Yadda likitoci suka gano

Likitocin da ma sun ga jini a baki da hanci a lokacin al'ada, amma sun yi masa gurguwar fassara. Tun zamanin Hippocrates na tsohuwar Girka ake ganin cewa jinin da bai fita ta hanyarsa ba yakan nemi wata ƙofa, kuma har ƙarni na 19 mujallun likitanci na Turai suna buga labaran matan da aka ce suna al'ada ta hanci ko ta dasashi. An ga abin da ido, amma ba a san sababinsa ba.

Ta ɓangaren ciki aka fara samun haske. A 1877 likitan haihuwa na Faransa Adolphe Pinard yana cikin waɗanda suka fara bayyana kumburin dasashin masu juna biyu a rubuce. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ɗan mazurarin nan da ma'aikatan jinya ke kifawa a cikin mace a wurin awo domin jin bugun zuciyar jariri, kayan aikin da har yau ake gani a ɗakunan shan magani na ƙasar Hausa. Mazurarinsa ya iso Arewa, bayaninsa a kan dasashi bai biyo shi ba.

Sababin ya fara bayyana ne bayan an gano sinadaran da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa cikin jini. A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka tace nau'in farko na sinadarin istirojin. A 1934 aka tace furojestaron. Daga nan aka fahimci cewa zagayowar al'ada hawa da sauka ne na waɗannan sinadarai biyu, kuma tun da a cikin jini suke yawo, babu dalilin da zai sa tasirinsu ya tsaya a mahaifa.

A 1948 likitan haƙori ɗan ƙasar Suwizalan Hans Mühlemann ya bayyana wani kumburi mai ja da zubar jini da ke fitowa a tsokar da ke tsakanin haƙora kafin zuwan al'ada, yana dawowa tare da zagayowar wata. Daga nan masu bincike na arewacin Turai suka karɓa. A 1963 Harald Löe da John Silness na ƙasar Nowe suka duba mata 121 masu juna biyu, suka ga kumburin dasashi yana ƙaruwa daga wata na biyu, ya kai ƙololuwa a wata na takwas, ya ragu bayan haihuwa. Ma'aunin da suka tsara domin wannan aiki shi ne har yau ɗaliban likitancin haƙori ke koya wajen auna lafiyar dasashi.

A 1965 Löe da abokan aikinsa suka yi wani gwaji a birnin Aarhus na Denmak wanda ya zama ginshiƙin fannin. Sun sa mutum 12 masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora kwata-kwata. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu suka sami kumburin dasashi, da suka koma gogewa kuma, cikin kimanin mako guda ya warke. Wannan ya tabbatar da cewa tushen ciwon shi ne dauɗar nan mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori, wadda tarin ƙwayoyin cuta ce. Shekara biyu bayan haka, a 1967, Poul Holm-Pedersen da Löe suka auna ruwan da ke tsattsafowa daga gefen dasashi a tsawon zagayowar al'ada. Ga masu lafiyayyen dasashi ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba. Ga waɗanda dama suna da kumburi, ruwan ya ƙaru.

Sauran bayanan sun zo a hankali. A farkon shekarun 1980 aka nuna cewa tsokar dasashi tana da wuraren da ke karɓar saƙon istirojin, kuma Kenneth Kornman da Walter Loesche a Amurka suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ta baki tana iya amfani da sinadaran mace a matsayin abincin girma. A 2004 Eli Machtei da abokan aikinsa a birnin Haifa suka bi mata 18, suna duba bakinsu a lokuta uku: lokacin fitar ƙwai, da gab da al'ada, da lokacin jini. Yawan dauɗar haƙori bai sauya ba, amma kumburin ya fi yawa a lokutan biyu na farko fiye da kwanakin jinin kansu. A 1999 ƙungiyar likitocin dasashi ta Amurka ta sanya kumburin da ke da alaƙa da al'ada cikin jerin cututtukan dasashi da aka amince da su, sannan babban taron da aka yi a Shikago a 2017 tare da takwararta ta Turai ya ci gaba da lissafa balaga da al'ada da ciki da ƙwayoyin tazarar haihuwa cikin abubuwan da ke sauya yadda dasashi ke kumbura.

Abin da ke faruwa a jiki

Zagayowar al'ada takan ɗauki kimanin kwana 28, kodayake daga 21 zuwa 35 duk daidai ne. Ƙwai yakan fita kimanin kwana 14 kafin jini na gaba. Istirojin yana hawa sosai gab da fitar ƙwai, furojestaron kuma yana kai ƙololuwa kimanin mako guda bayan haka, sannan dukkansu su faɗi, jini ya zo. A kwanakin da sinadaran ke sama, ƙananan jijiyoyin jinin dasashi sukan buɗe, bangonsu ya ƙara sakin ruwa, kuma martanin garkuwar jiki ga ƙwayoyin cuta ya ƙara zafi. Dauɗar da dasashi ya jure makon jiya, sai ga ta wannan makon ta sa shi ja, ya kumbura, ya yi jini da an taɓa.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan. Na farko, sinadaran ba su ƙirƙiro ciwon ba, ƙara masa ƙarfi suke yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce dauɗar gindin haƙori. Shi ya sa mafi yawan mata masu tsabtar baki ba sa ganin komai, ko kuma sauyin ya yi ƙanƙantar da sai na'ura ke gane shi. Matar da ke ganin jini duk wata tana samun gargaɗi ne cewa akwai kumburin da ke kwance tun kafin watan ya zagayo.

Na biyu shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa ƙwararrun masu lissafin haila ba su gano alaƙar da kansu ba. Lokacin da dasashi ya fi kumbura yana faɗowa ne cikin kwanakin tsarki, a tsakiyar wata da kuma 'yan kwanaki kafin jini, lokacin da mace ke salla da azumi kuma lissafinta na cewa lafiya lau. Da jini ya zo, sau da yawa bakin yakan lafa. Kalandar ibada tana duban kwanakin jini, kalandar dasashi kuma tana aiki a kwanakin da suka gabace su. Akwai kuma wani abin kiyayewa ga wadda goge bakinta ke tafiya da alwala: idan salla ta tsaya na kwana biyar ko bakwai, kada asuwaki da kuskurar baki su tsaya tare da ita, domin gwajin Aarhus ya nuna yadda 'yan kwanaki ke isa dauɗa ta taru.

Me ya hana labarin isowa Kaduna

Rabuwar ba a ƙasar Hausa kaɗai ta faru ba. Tun da aka buɗe kwalejin likitancin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore na Amurka a 1840, aka ware baki daga sauran jiki wajen horar da likitoci. Likitan mata ba ya leƙa baki, likitan haƙori ba ya tambayar kwanan wata. Binciken magunguna ma ya daɗe yana guje wa jikin mace. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magani, kuma sai a 1993 aka yi dokar da ta wajabta sanya mata cikin binciken da gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyi.

Wannan rarrabuwar tsari ita Nijeriya ta gada, ga kuma ƙarancin ma'aikata. Asibitocin farko na Kaduna an gina su ne domin Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Asibitin da yau ke ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fara ne a matsayin gidan jinyar Turawa. Makarantar likitancin haƙori ta farko a ƙasar an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, sai Ibadan da Ile-Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta fara horar da nata likitocin haƙori ba sai bayan shekara ta 2000, a jami'o'i irin su Maiduguri da Bayero ta Kano.

Kaduna ta yi suna a fannin tiyatar baki da muƙamuƙi. Sashen da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙe a garin, kafin a tattara asibitin a Shika a 2005, ya karɓi marasa lafiya daga sassa da dama na Arewa, kuma Farfesa E. O. Adekeye da abokan aikinsa sun wallafa bincike daga can a kan ƙarin muƙamuƙi da cutar noma mai cin fuskar yara. Aiki ne na ceton rai, kuma ya nuna irin halin da marasa lafiya ke isowa a ciki: sai ƙari ya cika baki, sai ƙashi ya karye, sai haƙori ya hana barci. A layin da ke cike da irin waɗannan, matar da dasashinta ke ɗan jini mako guda a wata ba ta ganin kanta a matsayin mai lalura, tsarin ma bai tanadar mata wuri ba. Nijeriya ba ta ƙaddamar da manufar ƙasa a kan lafiyar baki ba sai a 2012, kuma har yanzu likitocin haƙori 'yan dubbai ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, mafi yawansu a manyan biranen Kudu da Abuja.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Kumburin dasashi na sama yana warkewa sarai idan an kawar da dauɗa. Idan aka bar shi shekara da shekaru, ga wasu yakan nutsa ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mummunan ciwon dasashi ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Mace mai haihuwa akai-akai tana bi ta balaga da al'ada da ciki sau da dama, kowane mataki yana gwada dasashinta, kuma giɓin da ake gani a bakin 'yar shekara 45 yana iya zama ƙarshen labarin da ya fara da ɗigon jini tana 'yar 15.

Lokacin da ba laifin wata ba ne

Sanin wannan alaƙa yana da nasa haɗarin, wato a riƙa ɗora wa al'ada kowane jinin baki. Tarihi ya ajiye gargaɗi a kan haka. A 1924 aka kai wa likita Erik von Willebrand a birnin Helsinki na Finlan wata yarinya 'yar shekara 5 daga tsibiran Åland, mai yawan haɓo da jinin dasashi, wadda 'yan'uwanta mata suka riga suka rasu ta hanyar zubar jini. A 1926 ya bayyana cutar da yau ke ɗauke da sunansa, wadda ita ce cutar rashin daskarewar jini ta gado da ta fi yawa a duniya. Yarinyar ta rasu tana budurwa, a jinin al'adarta na huɗu.

Saboda haka idan jinin dasashi ya haɗu da al'ada mai yawa, irin wadda ke wuce kwana bakwai ko ke jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, ko ya haɗu da yawan haɓo, ko tabon jini a fata ba tare da bugu ba, ko zubar jini mai tsanani bayan haihuwa, to maganar ta wuce buroshi, gwajin jini ake bukata. Ciwon suga da ƙarancin bitamin C da wasu cututtukan jini su ma suna bayyana a dasashi. Asfirin da wasu ke saya a kemis domin ciwon mara yana rage daskarewar jini, yana iya ƙara zubar. Jinin da ba ya bin kwanan wata, ko wanda ya wuce mako biyu duk da kyakkyawar gogewa, ko ya zo da warin baki da girgizar haƙori, na likitan haƙori ne.

Haɗa gidajen biyu

A ƙasashe da dama sai an fara koya wa mata ƙidayar kwanaki kafin a yi maganar abin da ke tafiya da su. A Unguwar Kanawa da ire-irenta wannan rabin aikin an gama shi tun zamanin kakanni. Abin da ya rage shi ne faɗaɗa lissafin. Matar da ke zargin bakinta na bin wata tana iya riƙe ranakun da ta ga jini a buroshi tare da ranakun al'adarta na tsawon wata uku. Idan ranakun suka riƙa faɗowa a tsakiyar tsarki ko gab da jini, ta sami bayanin da za ta kai wa likita, wanda ya fi “bakina yana jini wani lokaci” amfani nesa ba kusa ba.

Maganin kansa ba shi da tsada. Goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid, a bi gindin haƙori a hankali, a tsabtace tsakanin haƙora. Mai amfani da asuwaki ta tauna kansa ya yi laushi, ta riƙa yanke tsohon kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne kauce wa wurin da ke jini saboda tsoro, alhali nan ne dauɗar take, kuma barin ta shi ke ƙara jinin. Dauɗar da ta riga ta daskare ta zama kamar tsatsa ba ta fita da buroshi, sai an je wankin haƙori a asibiti, aikin da al'ada ba ta hana shi, ciki ma bai hana shi ba.

Masu isar da saƙon suna nan a unguwa. Malamar da ke karantar da babin haila a Ahalari, shafuka kaɗan ne tsakaninta da inda aka ambaci asuwaki. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da mazurarin Pinard a ranar awo tana iya cewa mace ta buɗe baki kafin ta sauka daga gado. Likitan haƙori yana iya ƙara tambaya guda a kan waɗanda ya saba yi, cikin lafazin da ba zai kunyata mai amsawa ba, ko ya bar wa ma'aikaciya mace ta yi. Uwa kuma, ranar da take koya wa 'yarta wankan tsarki da ƙidayar kwanaki, tana iya gaya mata cewa idan ta ga ja a ruwan kuskurar baki, ta duba ko kwana nawa ya rage baƙonta ya zo.